Sati Uku Ina Roƙon Ƙafar Milosh Ta Karkace

Jama'ar shafin nan ina gaishe ku, har da masu karantawa a ɓoye a wurin aiki. Abin da zan faɗa yau ba ya ƙara min daraja, don haka kowa ya riƙe dariyarsa sai na kai ƙarshe. Na taɓa shafe sati uku cur, bayan kowace salla, ina roƙon Allah ya karkatar da ƙafar wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, bai kuma taɓa yi min komai ba. Ni Nimatu na aikata wannan, kuma a lokacin gani nake ibada nake yi.

Shekarar 1991 ce, ina da shekara ashirin da uku. Muna zaune a Soundview cikin Bronx a nan Amurka, hawa na huɗu, a wani gini da lif ɗinsa ya fi son hutu da aiki. Baba yana tuƙa tasi tun zuwanmu daga Kumasi. Mma tana ɗinki a falo, kekenta a bakin taga, atamfofin mutane jibge a kan kujeru, sai baƙo ya kwashe kafin ya samu wurin zama. Ni kuma da safe ina kula da tsofaffi, da yamma ina karatun jinya.

Wanda ya jefa ni a wannan hali sunansa Ishawu, ɗan Sabon Zango ne na Accra. Ƙwallon ƙafa irin tamu ce ta kawo shi wata jami'a a nan, sai kocin ƙwallon Amurkawa ya ga yadda yake aika ƙwallo nesa, ya janye shi. Ga wanda bai sani ba, wasan nasu suna ne kawai na ƙafa. Ƙatti ne sanye da kwalkwali suna ture juna, ƙwallon kuma dogowa ce kamar gwanda. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ake ajiyewa don bugun maki. Yana tsaye a gefe kusan wasan gaba ɗaya, sai an kira shi ya shigo, wani ya dafa masa ƙwallon a ƙasa, ya buga ta wuce tsakanin wasu dogayen sanduna biyu. In ta shiga, maki uku. In ta kauce, mutum dubu sittin su haɗu su zage shi tas. Wannan ne aikin Ishawu, ko in ce aikin da yake nema.

A filin shaƙatawa na unguwarmu na fara ganinsa. Ina dawowa daga aiki na hango wani dogo, ƙafar dama ba takalmi, ashe haka yake bugu, ya jingina ƙwallo da takalmin da ya cire. Da ya ja baya zai taho sai iska ta kayar da ita. Sau uku ana haka, na kasa riƙewa na tuntsire da dariya, har na ce da Hausa, "Wannan ai wahala ce da kuɗinka."

Ya juyo ya dube ni. "In kin gama dariyar, ki ara min yatsa ɗaya."

Ban san yana jin Hausa ba, kunya ce ta sa na je. Ya nuna min yadda zan durƙusa, in dafa kan ƙwallon da ɗan yatsa, in juya ɗinkin jikinta ya kalli sanduna, don in ƙafa ta sauka kan ɗinkin ƙwallon sai ta yi inda ta ga dama. Na ce ni ɗiyar mai ɗinki ce, ba sai an koya min gaban ɗinki da bayansa ba. Amma da na ga ƙafar nan ta taho sai na saki ƙwallon na yi ihu na kare fuska. Shi ma ya samu abin dariya, muka yi kunnen doki. Daga ranar kusan kowace Asabar ina filin, yatsana a kan ƙwallo, zuciyata kuma ta riga ta bi mai bugun.

Yanzu ku fahimci irin sana'ar. Ƙungiyoyin manya a lokacin ashirin da takwas ne, kowace mai bugu ɗaya take riƙewa. Sau uku ana gayyatar Ishawu sansanin gwaji da bazara, sau uku ana sallamarsa a satin ƙarshe. Sai ya dawo yana sauke kaya a kasuwar kayan gwari, yana jira. Jiran kuwa tsarinsa ɗaya ne: ranar Lahadi wani mai bugu ya ɓarar, Litinin waya ta yi ƙara, Talata a tara masu jira huɗu ko biyar a gwada su, a ɗauki ɗaya, a kori wancan.

Ɗakin da Ishawu yake kwana su huɗu ne, wayarsu ta bango ce a baranda, duk wanda ya ɗauki wayar shi ne mai gida, saƙo sai ya ɓace. Sai ya roƙi Mma ya ba wakilinsa, Baturen da yake nema masa ƙungiya, lambar gidanmu, tunda tana da injin ɗaukar saƙo saboda masu ɗinki. Mma tana sonsa tun ranar da ya ɗauko mata buhun shinkafa har hawa na huɗu, ba ta yi musu ba. Haka kaset ɗin injin ya zama gwamutse. Ka danna ka ji, "Mma Adjara, Efua ce, rigata ta kaba fa, bikin sunan Asabar ne, kar ki kashe ni," sai kuma muryar Bature yana Turanci kamar ana korarsa.

Wata biyu kafin abin da zan ba ku labari, Ishawu ya aiko kawunsa ya nemi izinin kawo goro. Baba ya ce ya ji, zai duba. Daga nan bai sake ɗaga maganar ba. Wadda ta ɗaga ta kullum ita ce Gwaggo Iyatu, yayar Baba, mai shago a Harlem, wadda in ta fara magana ko rediyo sai ya saurara.

"Ei, Nimatu, mutum da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa? Wannan aiki ne ko jinya? Ga Dikko nan yana tuƙa jirgin ƙasa, ga inshora, ga fansho, ko Juma'a ba ta wuce shi. Ke kin liƙe wa mai jiran waya."

"Gwaggo, zai samu."

"Zai samu, zai samu. Da zai samu ake cefane?"

Dikko mutumin kirki ne, ban taɓa jin aibunsa ba, kuma ba wanda ya ce dole. Amma in ana maimaita maka suna safe da yamma, kana ji kamar ana tura ka bakin rijiya a hankali.

Wata rana Baba yana cin tuwon zafi ya ce in bayyana masa aikin yaron nan dalla-dalla. Na zauna na zayyana masa Lahadi da Litinin da Talata, har da alfahari, kamar ni na tsara. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Wato sai wani ya faɗi sannan shi ya tashi?"

"Haka tsarin yake, Baba. Faɗuwar wani ai tashin wani."

Ya dube ni ya jima, ya ce "To," ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni da wautata na fassara shirun da cewa rashin aikin ne ya dame shi, irin na Gwaggo. Na ƙulla a raina cewa ranar da Ishawu ya samu ƙungiya, ranar Baba zai ce a kawo goro.

Farkon Nuwamba saƙon ya shigo. Wakilin ya ce wata ƙungiya can arewa ta fara gajiya da mai bugunta, wani Milosh, kuma sunan Ishawu ne a saman takardarsu, ya zauna da shiri. A daren na fara roƙona. Ban ce Allah ya ba Ishawu rabonsa ba, a'a, suna na kama. Allah ka karkatar da ƙafar Milosh. Lahadin farko ya ɓarar da ɗaya, na ce addu'a ta fara ci. Ta biyu ya ɓarar da biyu, har sadakar ƙosai na yi. Wakilin ya sake bugowa ya ce saura ƙiris, in ya sake ɓararwa wannan Lahadin, Ishawu ya haɗa jakarsa.

Baba yana falo aka kunna saƙon. Ya sa na maimaita masa, na fassara masa inda Baturen ya yi sauri. Ya tambaya ko za a nuna wasan a talabijin, na ce ƙarfe ɗaya na rana. Ya ce, "Ki ce ya zo ya ci abinci da mu. Bayan wasan zan ba shi amsarsa."

Kun ji fa. Me kuke so in ɗauka? Na ƙara wa roƙon nawa nafila.

Ranar Lahadi tun safe muke kicin. Mma ta dafa waakye, shinkafa da wake irin namu, da shito, soyayyen yajin nan mai zafi, da soyayyen kifi da dafaffen ƙwai. Na kwashe atamfofin falo kaf na tura ƙarƙashin gado. Na sa kaba da zani na wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye da Mma ta ɗinka min da Sallah, na yafa farin mayafi, na ɓoye tasbaha a cikinsa. Gwaggo Iyatu ta rufe shago ta zo, wai ba za a ba ta labari ba. Ishawu ya iso da farar jamfa da ta sha guga, ƙafa biyu duk a takalmi, abin da Gwaggo ta fara dubawa ke nan. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida su Mma, aka ci abinci, aka kunna talabijin.

Abin da na lura da shi amma ban gane ba, Baba ya ja kujerarsa ya karkata ta. Rabin bayansa ga talabijin, fuskarsa ga Ishawu. Na ɗauka hasken taga ne yake damunsa.

Wasan nan ya ja, kusan awa uku. Gwaggo ta yi gyangyaɗi sau biyu, ta farka ta tambaya me ya sa suke ta faɗuwa a kan juna kamar an zubar da buhuna. Ishawu yana yi mata bayani cikin ladabi. Ni ina tsaye bakin ƙofar kicin, ina kai kwano ina dawo da kofi, yatsuna suna ja a ƙarƙashin mayafi. Can aka nuno Milosh a gefen fili, shi kaɗai, ba wanda ya tsaya kusa da shi. Gajere ne mai gashin baki, yana ta buga ƙwallo cikin wata ƙaramar raga. Ranar na fara ganin fuskarsa, na kawar da kai.

Sai ga shi wasa ya zo ƙarshe, saura daƙiƙa huɗu, ƙungiyarsu tana baya da maki biyu. Aka kira shi. Yadi arba'in da ɗaya, ga iska tana kaɗa ƙyallayen saman sanduna. Falo ya yi tsit, har Mma ta bar wanke-wanke ta fito da kumfa a hannu.

Ishawu ya zamo bakin kujera, ya manta a gidan surukai yake. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa. "Iska daga hagu take, ba ta hanya kaɗan. Kar ka ɗaga kai. Kar ka ɗaga kai, Milosh, kalli ƙwallon." Aka wurgo ƙwallon ta zo a karkace, mai dafawa ya cafe ya juya ɗinkin da ƙyar. Ni kuma a bakin kicin leɓena yana motsi, Allah ka kautar, Allah ka kautar.

Ƙwallon ta tashi ta nufi dama kamar za ta fita, zuciyata ta yi tsalle. Sai ta lanƙwaso ta shige ta jikin sanda.

"Ta shiga! Chale, ta shiga!" Ishawu ya daka tsalle har kansa ya bugi fitilar silin, hularsa ta faɗi cikin kwanon shito. Yana tafi yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Gwaggo ta dafe ƙirji tana salati don firgita.

Ni kuwa "Kash!" ce ta kuɓuce min, tasbahar ta zame ta faɗi a kan leda. Ihun Ishawu ya rufe muryata, shi bai ji ba. Amma da na ɗago, idon Baba yana kaina. Ya dubi tasbahar, ya dube ni. Nan na sha jinin jikina.

Da Ishawu ya dawo hayyacinsa sai kunya ta kama shi, ya tsamo hularsa yana ba da haƙuri. Baba ya sa aka kashe talabijin.

"Zauna, ɗan nan. Wannan da ya ci, ba shi ne ya hana ka aiki yanzu ba?"

"Shi ne, Baba."

"To murnar me kake yi?"

Ishawu ya sunkuyar da kai yana juya hular. "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ina son aikin nan kamar raina. Da ya ɓarar, Talata zan je in buga iya ƙarfina, in sun ba ni in karɓa. Amma bara ɗakinmu ɗaya da shi a sansani, ni da shi muke neman wuri ɗaya. Shi ya lura ina kafa ƙafar hagu kusa da ƙwallo fiye da kima, ya tsaya bayan an tashi ya gyara min, alhali ya san da gyaran zan iya kayar da shi. Yana da 'yan mata biyu ƙanana, ƙasarsu kuma ana yaƙi, iyayensa suna can." Ya ɗago ya dubi Baba. "Kuma ko ban san shi ba, Baba, akwai tafiyar da mutum yake yi daga tsakiyar fili zuwa benci in ya ɓarar. Taku talatin ne, ba mai kallon idonka, har abokanka. Na taɓa yin ta. Bakina ba zai iya roƙa wa wani ita ba."

Gwaggo Iyatu, wadda ba a taɓa rufe wa baki ba, ta buɗe nata ta mayar. Daga baya cewa ta yi, "Ei, yaron nan," ta ɗauki hular ta tafi wanke masa da kanta.

Baba ya ce lokacin la'asar yana wucewa. Suka yi alwala, ya ja su salla, ni ina baya ban san abin da na karanta ba. Da aka sallame ya juyo.

"Tun da aka bayyana min aikinka abu ɗaya ke damuna. Rashin aiki ba ya tsorata ni, ni ma da jaka ɗaya na sauka garin nan. Tsorona in kai ɗiyata gidan da tukunya ba ta hawa wuta sai an yi kuka a wani gida, har mai gidan ya saba da jiran kukan. Irin wannan zuciyar ba ta tsayawa a wurin aiki, tana biyo mutum har ɗaki. Na ce bari in gani da idona, labarin zuciya a tambayi fuska. Na gani. Ka ce wa kawunka su kawo goro."

Mma ta rangaɗa guɗa, Ishawu ya durƙusa yana godiya, sai hawaye. Ni ma ina kuka, amma nawa gauraye yake. Har yau in na tuna ina gode wa Allah da bai karɓi roƙona ba, ina gode masa da ya ba ni uban da yake hango abin da ni ko na hau rimi ba zan gano ba. Da ƙwallon nan ta kauce, na san kaina, guɗar da zan yi sai an ji ta a hawa na ɗaya.

Ishawu ya yi sallama ya fita, yana zaune a matakala yana ɗaura takalmi. Na yunƙura zan raka shi, Baba ya ce, "Nimatu, zo nan." Na durƙusa a gabansa.

"Kwana nawa?"

Ban yi kamar ban gane ba. "Sati uku, Baba."

"Da suna?"

"Da suna."

Ya girgiza kai. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. "Na zauna ina binciken ɗan mutane, ashe abin da nake tsoro a ɗakina yake kwana. Shi na gama da shi. Yanzu tunanin da nake, ko adalci ne in ba shi ke bai san abin da zai ɗauka ba. Tashi ki faɗa masa da bakinki, kafin goro ya shigo gidan nan. In ya ji ya ce yana so, to."

"Baba, don Allah..."

"Yana matakala."

Ƙofar falonmu zuwa matakala taku biyar ne, na tashi na taka su. Ishawu ya ɗago yana murmushi, fuskar nan fes.

"Nimatu, kin ga yadda ya ba iska hanya? Wallahi bugun nan..."

"Ishawu, tsaya. Ni roƙo nake ya ɓarar. Sati uku, bayan kowace salla, da sunansa. Har sadaka na yi da ya ɓarar da biyu."

Murmushin ya tafi a hankali. Ya saki igiyar takalmin, ya zuba wa bango ido. Ina jin ƙarar jirgin ƙasa daga nesa, ina jin Gwaggo tana buɗe famfo a ciki. Na ce ya yafe min, don shi na yi, don mu.

"Ba ni kika yi wa ba," in ji shi. Ya matsa gefe ya bar min wuri a matakalar, na zauna nesa kaɗan ina share hawaye da bakin mayafi. "Na san don ni kika yi. Amma ki yi tunani. Wata rana in Allah ya so zan samu aikin nan. Ranar da na samu, akwai wata yarinya a wani gari, mai son nata saurayin kamar yadda kike sona, za ta shimfiɗa darduma ta kama sunana."

Tsigar jikina ta tashi. Wallahi ko sau ɗaya wannan bai taɓa zo min a rai ba.

"Ranar ina so in san akwai mai roƙa min da bakin da bai saba roƙon sharri ba," ya ce. Ya juyo ya dube ni sosai. "Za ki iya?"

Na gyaɗa kai.

"To ki fara da Milosh. Lahadi mai zuwa ma yana da wasa."